Kafin Ka Ɗaura Wa Mota Igiya

Ƙannena mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu, maganar da nake tafe da ita ta tsohuwar mota ce, irin wadda yawancinmu ke fara mallaka idan Allah Ya buɗa. Saurayi ya daɗe yana sayar da albasa a kasuwar Ose, ko yana canji a Owerri Road, ko yana sauke kayan gwari a Fruit Garden, ya tara ɗan abin da ya tara, ya sayi Golf ko Carina ko tsohuwar Fijo, irin waɗanda kamfanin Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya cika ƙasar nan da su. Wannan abin a yi masa barka ne. Tsohuwar mota ta rufa wa gidaje da yawa asiri, ta kai kaya kasuwa, ta kai mai naƙuda asibiti cikin dare.

Sai dai duk mai irin wannan mota ya san tana da ranarta. Wata rana za ta yi tari biyu a tsakiyar Aba Road ta yi shiru, ana ta danna maka hon ta baya, gumi ya jiƙa maka riga. A wannan lokaci dabara ɗaya ce ke faɗo wa mutum: a kira aboki mai mota ya zo da igiya a ja ta gida, tunda kuɗin janwe ya fi ƙarfin aljihu. Ban ce kada ku taimaki juna ba, domin da taimakon juna muka zauna a Kurmi. Abin da nake so ku riƙe shi ne, jan mota aiki ne mai ilimi, kuma igiyar nan da ake ƙullawa cikin gaggawa rayuka take ɗauke da su: naka, na abokinka, da na bawan Allah da ke tsallaka titi bai san abin da kuke ciki ba.

Motar da ta mutu ba ita ce wadda ka saba da ita ba

Da yawa daga cikinku suna zaton zama a motar da ake ja shi ne aiki mai sauƙi, har akan ce wa ƙaramin yaron shago ya shiga ya riƙe sitiyari kawai. Nan ne babban kuskuren yake. Na baya ya fi na gaba aiki, domin yana tuƙa motar da aka zare wa ƙarfi uku a lokaci ɗaya.

Na farko burki. Laushin da kake ji idan ka taka burki ba ƙarfin ƙafarka ba ne. Akwai wani baƙin tulu a bayan injin da ke ninka takunka, kuma da zuƙar iskar injin yake aiki. Injin na mutuwa, abin da ya rage a cikinsa bai wuce taku biyu ko uku ba. Daga nan burkin zai ƙage, sai ka tokare bayanka da kujera ka taka da iya ƙarfinka kafin motar ta saurare ka. Burkin yana nan bai tafi ba, amma wanda bai taɓa jin wannan taurin ba yakan firgita ya ɗauka ya tsinke.

Na biyu sitiyari. A motocin da ke da fawa, injin ne ke juya famfon da ke sa kan mota ya yi sauƙin murɗawa. Idan ya mutu, kwanar da kake sha da yatsa biyu sai ta nemi hannu biyu da kafaɗa. Sannan ga wani tarkon: in ka zare makulli, ko ka mayar da shi ƙarshe, sitiyarin zai kulle kansa da zarar ka murɗa shi. Motar gaba ta sha kwana, taka ta miƙe. Dole makulli ya zauna a ciki, a murɗe zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa.

Na uku giya. Direban kirki idan zai sauka gangara yakan sa ƙaramar giya injin ya riƙe masa mota. Wadda ake ja kuwa a firi take, babu abin da ke riƙe ta sai burkin nan mai tauri. In gangarar ta yi tsawo, burki ya ɗau zafi, za ka fara jin ƙauri, daga nan sai ya daina kamawa.

Akwai kuma maganar mota mai otomatik, wadda yanzu ita ta fi yawa a cikin 'yan Kwatano. Man giyabos ɗinta famfo ne ke zagaya shi, famfon kuma injin ke juya shi. Idan aka ja ta tayoyin da ke tuƙa ta suna ƙasa, ƙarafunan ciki za su yi ta gudu babu mai isasshe, su ƙone. Mutum ya guje wa kuɗin janwe, ya wayi gari yana tambayar farashin giyabos a Ikoku ko Mgbuka Obosi ko Coal Camp. Garin neman gira ke nan an rasa ido. Irin wannan mota, in tafiyar ta wuce a gusar da ita daga tsakiyar titi, a ɗaga tayoyin da ke tuƙa ta, ko a ɗora ta gaba ɗaya a bayan janwe.

Lissafin da ya kamata kowa ya yi

Motar da ke tafiyar kilomita 25 a awa tana cin kusan mita 7 a kowace daƙiƙa. Igiyar jan mota kuwa tsawonta mita 4 ne zuwa 5. Wato idan na gaba ya taka burki ba zato, abin da ke tsakaninka da bayan motarsa bai cika daƙiƙa ɗaya ba, alhali kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta fahimta, ƙafa ta taka, daƙiƙa guda ta wuce. In kuka kai kilomita 50, mita 14 kuke ci a daƙiƙa, kuma ƙarfin karon ya ninka sau huɗu, domin haka lissafin yake: gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugu ya ninka huɗu. Shi ya sa duk wanda ya san aikin ba ya wuce kilomita 20 zuwa 25 da igiya, komai kyan titi, komai zagin da na baya ke yi masa.

Ƙaramar mota ma nauyinta yakan kai kusan kilo 1,000. Ku auna wannan da abin da mukan ɗauko mu ƙulla: igiyar guga, igiyar ɗaure shanu da aka aro a Gariki, tsofaffin bel na kujera da aka harhaɗa. Igiyar da ta tsinke tana a miƙe ba faɗuwa take yi ƙasa ba, dawowa take yi da ƙarfi, in akwai ƙugiya a bakinta ta fasa gilashi ko ta sami fuskar wanda ke tsaye kusa. Sarƙa kuma ba ta da sassauci, kowace fizga sai ta ji a jikin motocin biyu. Ɗamarar jan mota ta gaskiya, mai faɗi, wadda aka rubuta nauyin da take ɗauka a jikinta, ana sayar da ita a duk kasuwannin kayan mota da na ambata, da Nkpor. Wanda ya fi ta kuwa shi ne sandan ƙarfe mai ƙugiya a kowane baki, wanda mai walda zai haɗa maka, domin shi ba ya barin motar baya ta hau ta gaba.

Wuraren da ba a gwada sa'a

Mu 'yan ƙasar sarari ne. Wanda ya koyi mota tsakanin Kano da Katsina ya saba da miƙaƙƙen titi da hangen nesa. Nan kuwa ƙasa daban ce, in kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya.

Wanda motarsa ta mutu a 9th Mile yana son ya shiga da ita Inugu, hanya biyu ce a gabansa, kuma duk gangara ce: Ugwu Onyeama a kan babban titin Anacha, ko tsohuwar hanyar Milliken mai murɗe-murɗe, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗayan. Ugwu Onyeama ta sha cin manyan motoci masu rai da injinsu. Ko a watan Janairun 2025 wata tankar mai ta ƙwace a wurin ta kama da wuta, rayuka suka salwanta. Inda tanka mai injin ta kasa riƙe kanta, me zai sa ka sauka da mota matacciya a bakin igiya? A can sama za ka nemi inda za ka ajiye ta.

A Anacha, tsohuwar gadar Kwara da aka kammala a 1965 tsawonta ya kai kusan kilomita ɗaya da rabi, kuma babu inda za ka raɓe a kanta. Idan igiya ta tsinke a tsakiya, ka tare hanyar Asaba da tireloli a bayanka. Sabuwar gadar da aka ƙaddamar a 2023 ta fi faɗi, amma gudu ake yi a kanta, mai tafiyar kilomita 20 ya zama abin karo. Upper Iweka da Bridge Head kuwa wurare ne da mai keke da mai baro da mai talla ke kutsawa duk inda suka ga tazara tsakanin mota biyu. Ba su ga igiyarka ba, fili suka gani.

A Fatakwal babban abokin gaba shi ne ruwa. Ruwan da ke sauka a garin a shekara ya ninka na Kano fiye da sau biyu. Idan sama ta buɗe, titi yakan cika har a rasa gane inda kwata ta fara. Burki jiƙaƙƙe ba ya kamawa da wuri, motar da batirinta ya mutu ba ta da abin share gilashi, kuma motar gaba tana watso maka taɓo a fuska. Haka ranar Laraba da kasuwar Oil Mill ke ci, ko lokacin tashi daga aiki a Rumuokoro da Eleme Junction. Ku jira ruwa ya ɗauke, ku jira titi ya sarara.

Sai abubuwa uku da ba su da sassauci a kowane gari. Motar da burkinta ne ya lalace ba a jan ta da igiya ko taku goma. Motar da sitiyarinta ko ƙafarta ta sami matsala, haka. Sannan ba a jan mota da dare babu fitila. In ɗaya daga cikin ukun nan ya same ka, ka ci bashi ka kira janwe, bashin kuɗi ana biyansa.

Idan jan ya zama dole

Da farko ka fitar da kanka daga bakin mutuwa. Ka nemi hannu a tura motar gefe, ka kunna fitilun gargaɗi, ka kafa alamar nan mai kusurwa uku nesa da bayanta. Ganyen da mukan karya mu zuba a titi ba ya haske da dare. In a babbar hanya ce kuma motar ta tare wuri, ka kira hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, a lamba 122.

Daga nan ka natsu ka duba ƙananan abubuwa, domin sau da yawa ciwon bai kai na igiya ba. Mai ne ya ƙare alhali allura ta daɗe da lalacewa? Kan batir ne ya yi sako-sako ko ya yi gishiri? Fis ne ya ƙone? In zafi ta yi, kada ka buɗe murfin lagireto sai ta huce, tafasasshen ruwa ya ɓata fuskoki da yawa. Kuma ka tuna cewa kawo bakanike wurin mota ya fi kai mota wurin bakanike araha. Kuɗin kekensa da na aikinsa ba su kai kuɗin bamba ɗaya ba.

In duk wannan bai yi ba, ka sauya niyya: ba gida za ka kai ta ba, wuri mafi kusa mai aminci za ka kai ta. Gidan mai, gareji, tasha, harabar masallaci in an yarda maka. Masu gadi da yawa a garuruwan nan 'yan uwanmu ne, ka yi sallama, ka yi bayani, ka ba da na goro. Ka sauke buhunan da ke ciki a kai su a keke, ka sauke fasinja, musamman mata da yara. Motar da za ta ja ta fi wadda ake ja nauyi, ko aƙalla su yi daidai.

Yanzu ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin gaban motar. Za ka ga wani zoben ƙarfe mai kauri da aka liƙa wa ƙashin motar. A wasu motocin, ɗan murfi ne a jikin bamba, ka ɓalle shi ka ɗaura ƙugiyar da ke ajiye tare da jak da safaya. Nan kaɗai ake ɗaure igiya. Ka sa yatsa ka taɓa shi, in tsatsa ta cinye gindinsa har yana motsi, kada ka yarda da shi. Ba a ɗaurewa a bamba, ba a ɗaurewa a tayarod ko wani ƙarfen ƙafa, domin fizga ɗaya za ta lanƙwasa shi tayoyin su kalli gabas da yamma. A tsakiyar igiyar ka ƙulla jan ƙyalle babba da mai tsallaka titi zai hango.

Kafin a tashi, ku tsaya ku biyu ku yi magana. Wace hanya za a bi, kwana nawa ce a ciki, ina za a tsaya. Ku yanke alama: hannu sama a rage gudu, hon mai tsawo a tsaya. In akwai mutum na uku, ya zauna a motar gaba fuskarsa na kallon baya. Na baya ya sa makulli, ya sa firi, ya sauke burkin hannu, ya taka burki sau huɗu ko biyar tun motar na tsaye don ƙafarsa ta san taurin da za ta tarar.

Na gaba ya sa giya ɗaya ya saki kuloci a hankali. Igiyar za ta tashi daga ƙasa, ta miƙe, ta yi ɗan rawa, sannan ka ji motar baya ta amsa. Daga wannan lokaci doka ɗaya ce: kada igiya ta kwanta. In ta yi sako-sako, ko dai taya ta taka ta, ko ta naɗe a ƙafar mota, ko kuma na gaba ya ƙara totur ta fizge ta tsinke. Na baya ne mai wannan aiki. Ƙafarsa na kan burki yana ɗan shafawa, idonsa ba a kan bambar abokinsa yake ba, can gaba yake hange ta cikin gilashin motar abokin, don ya riga shi ganin abin da zai sa a tsaya. A jan mota, na baya ke fara taka burki, shi ne ma ke tsayar da su duka biyun. Na gaba kuma ya manta da irin tuƙinsa na kullum: ya buɗe kwana sosai, ya ba da sigina tun da nisa, kada ya kutsa mahaɗa sai ya ga filin da zai ishi mota biyu da igiyarsu. Bayan 'yar tafiya kaɗan ku tsaya ku duba ƙulli, ku kai hannu kusa da taya ku ji ko burki ya ɗau zafi.

Abin da ya fi mota tsada

Ƙannena, akwai dalilin da ya sa na ware ku da wannan magana. Hausawa ba jiya suka zo garuruwan nan ba. Kakanninmu sun kawo shanu da wake, sun koma da goro da manja, sun kafa masallatai da unguwanni, sun yi zaman mutunci har ta kai a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko da ƙuri'ar mutanen garin. Wannan suna gado ne da aka bar muku. Kun kuma san yadda zaman baƙunta yake: in ɗan gari ya yi ganganci a titi, sunansa ake kira, in ɗayanku ya yi, sunan al'umma ake kira. Igiyar da ta kayar da ɗan makaranta a Diobu tana iya jawo wa mai shayi da mai gyaran takalmi da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, abin da ba su shirya masa ba.

Ga kuma hisabin da ya fi wannan. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma addininmu bai ɗauke wa mai sakaci nauyi ba. Kisan kuskure ma akwai diyya a kansa, akwai kaffarar azumin wata biyu a jere. Wanda ya san burkinsa ba ya ci, ya sa yaron da bai da lasisi a kujera, ya ƙulla ruɓaɓɓiyar igiya ya hau gangara, da wane baki zai ce ƙaddara ce?

Saboda haka ku shiga titi da gaskiyarku a hannu. Direbobin biyu su kasance da lasisi, takardun motocin biyu su cika, domin motar da ake ja ita ce ta farko da jami'i zai tsayar. In an tsayar da ku, ku gaisa, ku yi bayani da Turancin buroka ko ɗan Ibon da kuka iya, ba a cacar baki mota biyu na tare da hanya. In motar ta maigidanka ce, ka kira shi kafin ka ɗaura mata komai, amana ce. Kai da abokin da ya zo taimako ku yi magana tun farko a kan man da zai ƙona da abin da ka iya lalacewa, kada alheri ya koma gaba. Idan kuma Allah Ya ƙaddara wani abu ya faru, a fara kai wanda ya ji rauni asibiti, a sanar da 'yan sanda, a kira Sarkin Hausawa ko shugaban ƙungiyarku ya tsaya a maganar.

Shawarata ta ƙarshe ga shugabannin matasa ce, na kasuwa da na tasha. Ku haɗa kuɗi ku sayi ɗamarar jan mota mai kyau guda biyu, ku sa a ƙera muku sandan ƙarfe ɗaya, a ajiye wurin amintacce inda kowa zai iya ara. Ku nemi mai janwe ɗaya da bakanike ɗaya a unguwarku, ko wane yare ne, ku ƙulla ciniki da su tun ana zaman lafiya, kowa ya sa lambarsu a waya. Ku ware wani abu a adashinku don ranar da motar ɗan uwa za ta mutu a inda igiya ba ta da amfani. Waɗanda suka iya aikin su ɗauki yamma ɗaya su koya wa na ƙasa da su a fili, inda babu mota babu mutane, kowane yaro ya ji taurin burkin nan da ƙafarsa kafin ranar da zai buƙace shi.

Allah Ya tsare hanyoyinku, Ya sa albarka a abin hawanku, Ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya.